Gidan da Na Juya wa Titi Baya

Ubana bai bar mini gida ba. Ƙofa ya bar mini.

A zangon Bawku, sanda muka taso, in ka kama ɗakin haya bango huɗu da rufi ake ba ka. Ƙofa kai za ka zo da taka. Ranar tashi ka kwance abarka ka ɗora a ka. Ubana fataucin goro ya yi har ya mutu, ɗaki shida ya canza, ƙofarsa ɗaya. Ta maɗaci ce, mai kauri, masu hankali su biyu suke ɗaga ta. Ni kaɗai nake ɗauka.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Dakon doya na iya, daga baya na ɗan riƙa saye ina sayarwa. Abin da na sani a duniya ƙafata ce ta koya mini, kuma na daɗe ina taƙama da haka.

Shekarar da Bawku ta birkice ina saurayi. Kada a tambaye ni wa ya fara, ban gani ba. Abin da na gani, ta titi abin ya shigo, gidajen bakin titi aka fara taɓawa. Ɗakinmu a lungu yake, yana kallon wata 'yar hanyar ƙafa da mata ke bi zuwa itace. Ta nan na fita da Inna, mahaifiyata, muka yi kwana tara wajen Binduri a rumfar wani manomi. Da gari ya lafa na koma. Rufi ya ƙone, kaya babu. Ƙofar kuwa tana nan tsaye da kwaɗonta a kulle, tana gadin toka. Na kwance ta, na jefa a bayan lori, muka tafi Yendi.

A Yendi na yi aure, na yi shekara goma, har na fara ƙiba. Sai nan ma aka tashi. Yadda aka yi a Bawku haka aka yi, motoci a titi, ihu a titi, mu kuma ta bayan gari. Wannan karon Inna ta tsufa, ba ta iya gudu. Na shimfiɗa ƙofar a kan amalanke, na kwantar da ita a kai, ina turawa, matata tana biye da yara biyu. A makarantar da aka tara mu ƙofar ce gadon Inna. In gari ya waye in ɗora ƙofar a kan duwatsu huɗu in kasa doya. Daga nan sunana ya ɓace. Kowa Mai Ƙofa yake ce mini.

Gari biyu suka kore ni, abu ɗaya na koya: kada ƙofarka ta kalli titi, ta kalli inda ƙafa ke bi zuwa daji. Sau biyu wannan ya cece ni. Na ɗauka na gama karatu.

Salaga muka sauka, bayan ita ma ta sha nata ta huce. Dangin ubana na nesa suna can, jikokin fataken goro da suka koma doya da hatsi. Ɗayansu ya ba mu siton doya a bayan kasuwa, rufin ciyawa. Mu biyar, ban da ɓeraye. Damina biyu muka yi a ciki. In ana ruwa sai mu riƙa jan tabarmar Inna daga kusurwa zuwa kusurwa, ita tana zaune a kai.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wannan" take ce mini. In ta ji haushi kuma "Wancan", ko da ina gabanta. Wata rana bayan mun gama jan ta ta ce:

"Wannan. Tun ina yarinya a ƙarƙashin ciyawar mutane nake kwana. Ina so in ji ruwan sama yana dukan kwano a kaina kafin in mutu. Ba Makka na ce ka kai ni ba."

Na ce, "To, Inna."

Abin da ta taɓa roƙona ke nan a rayuwarta. Ko ranar amalanke ba ta ce ɗauke ni ba.

Bayan damina, wata Juma'a da aka idar da salla, wani ya miƙe a masallaci ya yi sanarwa. Gari ya cika da irinmu, ɗakuna sun yi kaɗan, masu gidaje sun tsawwala haya. Sarkin gari ya ba da wani daji a gefen gari, ofishin tsara gari ya yanka shi fuloti-fuloti. Mai son gini goron gaisuwa kawai zai kai wa sarki. Takardar izinin gini kyauta, zanen gida kyauta. In bango ya kai linta, wato saman ƙofa, mai awo ya duba ya ga daidai, sai a ba ka kwanon rufi da ƙusa. Sharaɗi biyu ne. Ka bi zanen. Sannan cikin ɗaki huɗu, biyu na 'yan haya ne, waɗanda ofis zai turo daga rajistar marasa gida, kuɗin hayar ma ofis zai yanke, ba kai ba. Kwanon lori ɗaya ne. Wanda ya riga ya samu.

Ni dai "kwano" na ji. Sauran maganar na saurare ta yadda mai yunwa ke sauraron huɗuba.

Na kai goro, na je ofis na dangwala yatsa. Mai awon wani siririn saurayi ne daga kudu, biro uku a aljihu. Hausarsa ta tasha ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Masta muke ce masa. Ya kwashe mu ya kai mu dajin, yana nuna wa kowa turakunsa, wasu gajerun katakai masu jan kai da aka kakkafa a ƙasa. Da aka zo kaina ya taka turke ɗaya ya ce:

"Baba, wannan naka. Titi yana nan. Ƙofa ya duba nan, masai ya koma baya."

Na duba inda ya nuna. Gamba ce ta fi ni tsayi, da suri, da kaɗanya biyu.

Na ce, "Masta, ina titin?"

"Yana takarda. Zai zo."

Na ce to. A raina na ce ni ma a takarda Alhaji ne.

Da suka tafi na zagaya filin ni kaɗai. Ta baya, taku uku daga turakuna, sai ga hanya ta gaske. Ƙafa ta ci ta har ta yi rami. Mata na bi zuwa rijiya, manoma na bi zuwa gona, ƙarshenta daji. Ina ganinta na ji kamar na ga 'yar uwata. Nan take na yanke shawara, ban tambayi kowa ba.

Maginina Bagwanje ne, mun yi dako tare kafin ya koma laka. Shi ma ba ya karatu sosai, amma yana gane zane, yana kuma haɗa baƙi in manya ne. Ranar da za mu ja igiyar harsashi na shimfiɗa masa takardar a ƙasa na danne da dutse.

Ya ce, "Mai Ƙofa, takardar nan ka juya shi."

"Da gangan."

"Zaure can ya kamata ya duba."

"Can me ke akwai? Suri ne zai zo mini gaisuwa?"

"Masta ya ce titi."

"Masta ya taɓa tura uwarsa a amalanke?"

Ya sosa gemu. Ya ce, "Ni laka nake ɗorawa, inda ka ce nan zan ɗora. Amma ranar rushewa ma ka kira ni. Na iya shi ma."

Muka juya gidan ɗungurungum. Zaure ya koma baya. Da na ga bai kai bakin hanyar ba sai na ce a ƙara tura shi gaba, ya tsallake turaku da taku uku. Ai daji ne, wa zai sani? Masai kuma na haƙa shi a gefen da Masta ya ce titi. Na ce in titin ya zo ya tarar da abin da ya dace da shi. Magini ya yi dariya, na ɗauka wayona ya burge shi.

Wata uku muka yi. Matata ta ɗebo ruwa daga rijiya har wuyanta ya ƙage, ni na taka laka har faratan ƙafata biyu suka fita. Doya ban sayar ko ɗaya ba, garin rogo da barkono muka ci. Bangona ya riga na mutane da yawa kaiwa linta. Tun babu rufi na ɗauko ƙofar ubana na kafa a zaure. Ranar ce ta fara tsayawa a bangon da ba na haya ba. Na buɗe, na rufe, na buɗe, na rufe, har matata ta ce ko nan za a kawo mini abinci.

Wata safiya na zo na tarar an yi rubutu da jan fenti a bangon zaure, manya-manyan baƙaƙe, da wani ƙaton gicciye a gefe. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce Masta ya zo ya duba, ya sa mini lambar karɓar kwano. Har na hana akuyar maƙwabci gogawa a wurin. Magini ya iso, ya duba bango, ya dube ni.

Na ce, "Lamba ta nawa aka ba ni?"

Dariya ta zaunar da shi a kan tubali. Da ya samu numfashi ya ce, "Lamba? Cewa ya yi ka tsaya da aiki. Gicciyen nan kuma, nan ne za a rushe."

Mai hankali da ranar zai je ofis. Ni sati biyu na yi. Na ce na san ma'aikata, a shafa ja, a yi barazana, rana ta yi zafi su koma inuwa. Kullum in zo in zauna a zaurena mara rufi ina jira su gaji. Ina zaune ina kallon amalanke yana wucewa da bandir ɗin kwano zuwa gidajen waɗanda na riga gamawa. Guduma ta cika unguwar da ƙara. Da yamma kwanon mutane yana ƙyalli har ya hana ni kallon yamma. Gabas kuwa ta fara haɗa hadari.

Da na ga ba su gaji ba, na zaɓi doya biyar masu kyau na kai ofis. Masta ya ɗaga ɗaya ya juya ta.

Ya ce, "Baba, doyan nan mai kyau ne. Mai da shi gida Mma ya ci. Hau babur."

Mma yake ce wa Inna, ko da bai taɓa ganinta ba. Na hau bayansa da doyata a cinya, muka ratsa kasuwa kowa yana kallo. A filin ya baza wata babbar taswira a ƙasa ya fara nuna mini layuka. Ya ɗago ya ga idona, ya gane takardar da bangon duk ɗaya ne a wurina. Ya naɗe abarsa.

Ya ce, "Tunda ƙafa ka yarda da shi, zo mu taka."

Muka bi hanyar tawa. Taku goma ya buɗa ciyawa, ga turke mai jan kai a tsakiyar hanya. Ya ce nan ɗakin wani. Gaba kaɗan wani turke, nan masan wani. Mutum shida hanyar ta ratsa filinsu. Wata uku ina bin ta safe da yamma, ban ga turke ko ɗaya ba. Ban so gani ba ne. Muka dawo ya tsaya a bakin zaurena.

"Nan kwata ne. Ruwan unguwa duka nan zai bi. Zaurenka yana zaune a kansa."

"Hanyar fa?"

"Damina biyu, babu shi. Ka buɗe ƙofa, bangon mutum za ka gaisar."

Ya zagaya da ni ɗaya gefen, ta jikin masaina, muka kutsa cikin gamba. Turaku layi biyu, miƙe sak, sun wuce suri, sun wuce kaɗanya, har suka je suka haɗu da titin kasuwa. Ya ce motar asibiti nan, motar ruwa nan, in wuta ta tashi nan za a shigo.

Na ce, "Masta, ta titi masifa take shigowa. Sau biyu na gani."

Bai yi dariya ba. Da ya yi da na samu abin yin fushi. Ya ce, "Na sani, Baba. Na ga rajista, na san daga inda ka zo. Amma in na bar ka sai na bar kowa. Kowa ya juya inda tsoronsa ya nuna, mu sake gina lungun da wuta yake cinyewa rana ɗaya." Ya nuna gabas da haɓa. "Kwano saura kaɗan. Hadari kuma ka gan shi."

Na koma sito da doyata. Labari ya riga ni. Inna tana zaune a tabarma, ba ta kalle ni ba, bango take yi wa magana.

"An ce wancan ya gina gida ya juya wa mutane baya, ya sa masai a gaba. Ubansa bai yi boko ba, amma bai taɓa tarbar baƙo da masai ba."

Washegari magini ya zo da diga a kafaɗa, haƙora a waje.

"Na ce maka na iya shi ma."

Kafin a taɓa bango na kwance ƙofar. Na ɗora ta a ka zan zagaya da ita gaban gida. Maƙwabta suna kan rufinsu suna buga ƙusa, duk suka dakata.

Ɗaya ya ce, "Mai Ƙofa, yau ma ƙaura ake?"

Wani ya ce, "Ku yi masa addu'a, tafiyar da nisa. Daga bayan gida zuwa gaban gida!"

"A samo masa lori!"

"Ka gaishe su in ka isa!"

Na ci gaba da tafiya, ƙofa na kaina, ba a juya wuya. Taku arba'in ne. Na ɗauke ta daga Bawku, na ɗauke ta daga Yendi, ba ta taɓa yi mini nauyin ranar ba.

Muka rushe zaure. Muka cike masai muka haƙa sabo a baya. Muka toshe inda na buɗe, muka fasa inda na toshe. Kwana goma sha biyu. A rana ta tara yayyafi ya sauka ya lashe kan bango, muka bi da zana da tsofaffin buhuna muna rufewa kamar masu jinyar mara lafiya. Laka ce, ruwa biyu masu ƙarfi su mai da wata ukuna tsibi.

Masta ya zo da igiyar awo. Ya auna gaba, ya auna baya, ya leƙa masai. Ya sa hannu a takarda, ya ce in biyo shi siton kwano. Na je da amalanke biyu. Aka buɗe, kwanon da ya rage ɗan kaɗan ne a jingine a kusurwa. Mai sito ya ƙirga. Na ɗaki biyu ne.

Na ce, "Ba komai. Na rufa wa Inna ɗaya, ni ɗaya."

Masta ya girgiza kai. "Ɗakin haya tukuna, Baba. Don shi aka kawo kwanon."

"Uwata fa?"

"In ka rufa naka, wanda zan turo zai kwana a ruwa. An faɗa ranar sanarwa."

An faɗa ɗin. Ina wurin. Na tambaya ko wata lori za ta zo, ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba. Sati biyun da na yi ina jira su gaji, a cikinsu kwanon Inna ya wuce ta gabana a amalanke, ina kallo.

Kafinta ya rufe ɗakunan haya biyu. Nawa biyun na hau da kaina na yi musu jinka da ciyawa. Ga gidana ya tsaya, rabi yana ƙyalli, rabi kamar bukkar gona, mai gida kuma a ɓangaren bukkar. Kwana biyu na kasa gaya wa Inna. Matar magini ta gaya wa matata a rijiya, matata ta kawo gida tare da ruwan.

Inna ta ce, "Wancan. Su wa ake turowa ɗakin kwanon?"

"Marasa gida, Inna."

"Ni ina da gida?"

Ta jawo sandarta.

"Miƙo mini mayafina."

Na ce in kawo amalanke, ta ce ta hau ta isa. Da sandarta ta taka har ofis, tana yi tana hutawa, ni ina biye kamar wanda za a kai ƙara. Masta ya gan ta ya miƙe ya ba ta kujerarsa.

Ta ce, "Ɗana, kai ne mai awo?"

"Ni ne, Mma."

"Rubuta ni. Mijina ya mutu. Ɗakina na Bawku ya ƙone, na Yendi ya tafi. Yanzu a siton doya nake, ɓeraye ne maƙwabtana. Akwai wanda ya fi ni rashin gida a littafin nan naka?"

"Mma, ai mai gidan ɗanka ne."

"Laifina ne? An rubuta a dokarku cewa in mai gida wawa ne uwarsa ta kwana a ruwa?"

Mai buga takarda a gefe ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana rawa. Ni na samu wani ƙusa a bango na zuba masa ido. Masta ya buɗe rajistar yana bi da yatsa. Ashe sunanta na ciki tun ranar da muka sauka garin, an rubuta ta ita kaɗai cikin zawarawa, kuma tana can sama don ta daɗe tana jira ba ta sani ba. Ya ɗauki littafin ya shiga wurin babbansa. Sun jima. Ya fito ya ce sun duba, babu inda aka hana.

"Amma Mma, haya sai an biya."

"Wannan tsakanina da wancan ne. Wata tara ya yi a ɗakina, ko sisi ban karɓa ba."

Ta dangwala yatsa, ta goge a gefen rigata.

Ranar tarewa ta shiga ta ƙofar gaba, ta cikin gamba. Ɗaya ɗakin an turo wani mai gyaran keke da matarsa, sun zo da ƙofarsu ta langa-langa. Inna ta tsaya a bakin nata ɗakin, ta ɗaga kai ta kalli kwano, ta sauke ta kalli bakin ɗakin a hangame.

Ta ce, "Maigida."

Na waiga in ga da wa take.

"Da kai nake. Ɗan haya da ƙofarsa yake zuwa. Je ka kwance mini ta mijina."

Kwana huɗu ƙofar ta yi a gaban gida. Na kwance ta, na kafa wa Inna. Bakin gidan, wanda na sha wahalar fasawa don ya kalli titi, zana na rataya masa. Magini ya zo ya tsaya yana kallo.

Ya ce, "Mai Ƙofa, yanzu me za mu riƙa ce maka?"

Ruwan farko na gaske bayan la'asar ya sauka, kwana shida da tarewarmu. Jinkata sabuwa ce, ban kuma iya ba. Matata ta jera kwanonin abinci a ƙasa, kowanne yana karɓar nasa, yara suna matsar da tabarma. Daga can ɓangaren haya kuwa ƙara ce kamar ana zazzage tsakuwa. Na ratsa tsakar gida a guje, na tura ƙofar Inna. Tana kwance rigingine, ido a buɗe, tana kallon sama. Ƙasa a bushe ƙamas. Na tsaya ruwa na zuba daga jikina. Ta yi magana ban ji ba, na matsa na sunkuya.

"Ashe haka abin yake da surutu."

Na ce, "A mai da ke ciyawa?"

"Fita. Ka ja mini ƙofa, kana shigo mini da feshi."

Na ja mata. Na ɗan tsaya a waje cikin ruwan. Ba wanda ya gan ni.

Damina uku ta ji a ƙarƙashinsa. Maigida ta ci gaba da ce mini, amma sai in da ƙorafi: maigida ƙusa ɗaya ya ɗaga, maigida akuyarka ta shigo mini. Hanyar ƙafar nan tawa kuwa, kamar yadda Masta ya faɗa, mutanen suka gina, ta ɓace ko alama babu. Ruwan unguwa yana bi ta inda zaurena yake a da, da gudu. Ranar da Inna ta rasu titi bai zo ba tukuna. Maƙwabta suka sare gamba da adda tsakanin turakun nan layi biyu, ta nan aka fita da ita. Gireda sai shekarar da ta biyo baya ta zo, ta ture surin, ta bar kaɗanya ɗaya.

Ofis ya turo wani mutum ɗakin Inna, mai sayar da busasshen kifi daga Kete Krachi. Ya iso da ƙofarsa a ka. Na kwance tawa, na cire zana, na kafa ta a gaban gida. Tana can har yau tana kallon titi. Ɗakunana biyu sai da na yi shekara shida kafin na rufa musu kwano da gumina.

Akwai abin da ban gaya wa Masta ba. Sanda muke toshe tsohon bakin gida a baya, na aiki magini shan ruwa, na jera tubali takwas da hannuna, laka kaɗan, na shafe. Ƙafa ɗaya za ta zubar da su, mutum ya sunkuya ya fita. Maƙwabcina na baya mutumin kirki ne, ya bi zanensa daidai, bai kauce ko taku ɗaya ba. In na fasa tubalan nan na tsallake kwata, masansa zan faɗa.

Na san da haka shekara da shekaru. Ban gyara wurin ba.